Filin Masu Sana'a: Wuƙar Fiɗa Ta Ƙi Kaifi a Lanƙwasa

Wasiƙun wannan watan kusan duk maganar wuƙa suka kawo, kuma ba abin mamaki ba ne tunda Babbar Sallah ta ƙarato. Na tsamo biyar. Masu tambaya a kan walda da injin markaɗe ku ƙara haƙuri, kuna nan a jaka, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni yaron mahauta ne a Gusau, shekarata biyu ina bin maigidana kwata. Ya ba ni wuƙar fiɗa da ƙarfen wasa, dogon nan mai ƙota. Kullum ina goga mata yadda na ga yana yi. Daga gindi zuwa tsakiya tana aske gashin hannu, amma daga inda ta fara gantsarewa zuwa tsini sai ka ce bayan cokali, alhali da wurin ake fiɗa. Dole sai na danna, in na danna kuma in huda fata. Makon jiya fata biyu na ɓata, mai saye ya rage kuɗi, maigida ya yi ta faɗa. Ƙarfen wuƙar ne ba shi da kyau, ko hannuna ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Hannunka ne. Da laifin ƙarfe ne da gindin ma bai aske gashi ba, ai ƙarfe ɗaya ne tun daga ƙota har tsini. Kada ka ji kunya. Ni ma da hannun nan nawa na dakusar da wuƙar fiɗar mahaifina ina ɗan shekara goma sha biyu, na sha ranƙwashi. Sai da Allah ya kai ni koyar da aikin ƙarfe a makarantar sana'a sannan na gane abin da tsohon yake yi da hannunsa, wanda bai taɓa iya faɗa mini da baki ba. Shi dai abin da yake cewa kullum, "Bi ta mana!" Ni kuwa ban san me zan bi ba.

Dubi ƙarfen wasan da ke hannunka. Mulmulalle ne. In ka ɗora wuƙa a kan mawashi mai faɗi, yanki guda na bakin ke kwanciya a kan dutsen lokaci ɗaya. A jikin ƙarfen wasa kuwa, wurin da baki ke taɓawa bai fi ƙwayar gero ba. Ke nan kowane ɗigo na bakin wuƙar shi kaɗai yake zuwa karɓar rabonsa, kuma abin da zai samu ya danganta da yadda hannunka yake a daidai wannan ƙiftawar ido.

Da farko ka daina wasa a iska. Na sani haka maigidanka yake yi, ƙarfe a hagu wuƙa a dama, ko kallo ba ya yi, yana ta ciniki da mai sayen tsoka. Shekarun da ya yi yana wannan wataƙila sun fi naka na duniya. Kai ka kafa tsinin ƙarfen a kan katakon sara, ka sa ɗan jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi don kada ya zame, ka riƙe ƙotarsa a sama da hannun hagu, ya tsaya cak kamar taɓarya a turmi.

Sai ka nemi karkatar da ta dace. Ɗora bakin wuƙar a jikin ƙarfen kamar za ka datse shi biyu, wannan digiri 90 ke nan. Ɗaga bayan wuƙar ya ci rabin hanya zuwa jikin ƙarfen, ka sami 45. Sake cin rabin abin da ya rage, ka sami 22 da rabi. Ɗan ƙara matsowa kaɗan ka zo wajen 20, wanda ya isa wuƙar mahauci a kowane gefe. In lissafin digiri bai zauna maka ba, ga mai sauƙi: tazarar da ke tsakanin bayan wuƙa da jikin ƙarfe ta zama kashi ɗaya cikin uku na faɗin wuƙar. Wuƙa mai faɗin santimita 3, tazara santimita 1, wato kamar kaurin biro.

To ga inda gizo ke saƙar. A duk inda baki ke taɓa ƙarfe, ana so su haɗu a gicciye sosai, irin alamar tarawa ta lissafin firamare, ƙarfe a tsaye baki a kwance. A miƙaƙƙen wuri wannan ba ya son wata dabara, shi ya sa gindin wuƙarka ke aski. Amma da ka iso lanƙwasa, baki ya fara hawa sama. In hannunka ya ci gaba da ja a miƙe, bakin zai riƙa haɗuwa da ƙarfen a karkace, sai 20 ɗin nan taka ta tashi daga 20 ba tare da ka motsa wuyan hannu ba ko kaɗan. Na zauna da takarda da biro na lissafa. Inda baki ya juya da digiri 30, karkatar tana zama kusan 23. Inda ya juya da 45 ta kai 27. Can dab da tsini, in ya juya da 60, ta kai 36. Haɗa gefe biyu ka sami 72, ko gatari ya fi wannan bakin siranta. Wata da watanni kana gogawa, ashe gatari kake ƙerawa a ƙarshen wuƙar fiɗa.

Maganinsa ka ɗaga ƙota. Ka taso daga gindin wuƙa a saman ƙarfen, kana gangarowa ƙasa kana jawo ta wajenka. Da lanƙwasa ta iso, ƙota ta fara tashi, tsini ya fara sunkuyawa, kamar mai tsiyayar ruwa daga buta. Gwiwar hannunka ce za ta yi wannan tashin. Wuyan hannu ya ƙafe yadda ka saita shi, don shi ke riƙe da 20 ɗin. Idonka kuwa ya tsaya a kan ɗan wurin da ke taɓa ƙarfe, ka tabbata a kwance yake tun daga farko har ƙarshe. Wannan ne "bi ta" ɗin mahaifina. Kuma kada ka ce sai ka ga kaurin biro har tsini. Wuƙar tana sirancewa, tazarar ma dole ta ragu tare da ita.

Ciwo na biyu gaggawa. Lura da hannunka gobe, za ka ga yana tasowa a hankali daga gindi, in ya zo ƙarshe sai ya fizge. Lanƙwasar da ita ce ke shan wahalar fiɗa, ita ce ke tashi da ɗan guntun rabo. Ja da gudu ɗaya, kana ƙirga ɗaya, biyu, uku a ranka, ukun ta faɗa a kan lanƙwasa. Kada ka danna. Nauyin wuƙar da ɗan ƙari ya isa, domin ƙarfi kaɗan a kan wurin da bai fi ƙwayar gero ba, yawa ne, kwantar da bakin yake yi gefe guda.

Don kada ka ce Baba ya cika surutu, ga shaida. Nemi baƙar maka irin wadda ake rubutu da ita a jikin kwali, ka shafe shatin wasan duka, wato siririn layin nan da wasa ke ci a gefen baki, gefe biyu. Ja sau biyu a hankali ka duba. In tawada ta goge a can ƙarshen baki kawai ta bar sama, ka buɗe da yawa. In ta goge a sama ta bar bakin da baƙinsa, ka kwantar da yawa, kaifin ma ba ka taɓa shi ba. Ranar da ta goge fes daga sama har baki, tun daga gindi har lanƙwasa, hannunka ya zauna.

Sai dai wuƙarka ta riga ta yi kafaɗa a wurin nan, wato bakin ya yi kauri, kuma ƙarfen mahauta ba zai iya sauke ta ba. Shi aikinsa miƙar da bakin da ya kwanta, ɗan abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Nemi mawashi, ko sandar wasa ta tangaran, ko mai garin daimon. Yi ta bin lanƙwasar ita kaɗai, gefe ɗaya, da ɗaga ƙotar nan, har sai ɗan leɓe ya fito a ɗaya gefen. Yadda ake jinsa, ka shafa babban yatsa daga bayan wuƙa zuwa baki ya zarce waje, za ka ji wani ɗan kaushi yana kama fatar yatsan. Kada ka kuskura ka bi tsawon bakin da yatsa. Sai leɓen ya bayyana ko'ina a lanƙwasar, ba tsalli-tsalli ba, sannan ka juya ɗaya gefen. Bayan nan ka yi dogayen ja daga gindi har tsini, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar sau goma, kana rage nauyin hannu, don sabon wuri ya saje da tsoho. Ka ƙarasa a kan fata, baya-baya, yadda wanzami ke yi wa askarsa.

In wuƙar ƙirar maƙeranmu ce, irin wadda ake bugawa daga sifirin ɗin mota, kada ka damu in shatin ya fi faɗi a wani wuri. Guduma ba ta ba ta kauri ɗaya ba, kuma inda ƙarfe ya fi kauri shati kan fi faɗi ko da karkatar ɗaya ce.

Batun fata kuma, mai saye bai zalunce ka ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ce ayari ya yi ta ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko don ta can take isa hannunsu. Huda ɗaya a gadon baya, baduku ya rasa inda zai fitar da jaka. Ko zanen wuƙar da bai ratsa ba, sai an jeme yake tona kansa. A akuya da rago wuƙa hanya kawai take buɗe maka, sauran ka bi da dunƙulen hannu.

TAMBAYA: Baba, ni uwargida ce a Kaduna. Bara na sayi sandar wasa mai garin daimon a kanti, kullum kafin girki sai na goga wa wuƙata. Tana da kaifi, amma yanzu in na yanka albasa ko alayyahu sai su fito a sarƙe, ƙasan bai rabu ba. Tsinin ma ya mulmule. Me ya faru?

AMSA: Hajiya, kafa bakin wuƙar a kan katako ki sunkuya ki leƙa ta ƙarƙashi. Za ki ga haske yana wucewa ta tsakiya. Kin yi mata kwari.

Sandunan nan kamanninsu ɗaya, halinsu daban. Ta ƙarfe, mai santsi ko mai siraran zane, miƙar da baki take yi. Ta tangaran tana ci kaɗan-kaɗan. Mai garin daimon kuwa magagari ce da ta sa kayan Sallah, duk ja ɗaya sai ta ɗebi ƙarfe. Ba ta kullum ba ce. Ke kuma, kamar yawancin mutane, ba ki farawa daga ainihin gindi, kina saukar da wuƙar a tsakiya ne ki danna, ki fizge a ƙarshe. Shekara guda ana haka, tsakiya ya cinye, gindi da lanƙwasa suka tsaya kamar duwatsun murhu, su suke taɓa katako su hana tsakiya sauka. Tsinin kuma fizgar ce ta mulmule shi, don duk lokacin da ya zame daga jikin sandar sai ta lashi kansa. Ki riƙa tsayawa tsini yana nan a jikin sanda, sannan ki ɗaga.

Sanda ba za ta gyara kwarin ba, bin sa za ta yi ta ƙara masa zurfi. Sai dutse mai faɗi, a sauke gindi da lanƙwasa su dawo daidai da tsakiya, a sake fitar da baki. In mai wasa da garinda za ki kai wa, ki tsaya a kansa, ki ce ya riƙa tsoma ta a ruwa a kai a kai. Da kin ga baki ya fara yin shuɗi, zafi ya kashe taurin ƙarfen a wurin, kaifi ba zai ƙara daɗewa ba sai an cinye wurin gaba ɗaya. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

In an gyara, ki koma sandar ƙarfe ko ta tangaran, ja huɗu ko biyar a kowane gefe. Wuƙaƙen Jamus da na Siwizalan, masu taurin 55 zuwa 58 a ma'aunin Rockwell, suna jituwa da sandar ƙarfe. Na Japan da sukan kai 60 ko fiye, sanda mai zane tana iya ɓantare musu baki, su sai tangaran. Ranar da babu ko ɗaya, kifa kofin shayi na tangaran, zoben nan na gindinsa marar sheƙi yana wasa wuƙa sarai. In sandar tangaran ta yi baƙi ta daina ci, toka da soso ne maganinta. Sannan don Allah a daina yanka a kan tire da farantin ƙarfe.

TAMBAYA: Ni magidanci ne a Damagaram. Wuƙar yankana doguwa ce, ƙarshenta ya ɗan gantsare, shekara-shekara nake zaro ta daga kube. In na goga mata ƙarfe da safen Sallah ya isa?

AMSA: Bai isa ba, Alhaji, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuben fata yana riƙe danshi, wuƙar da ta yi damina a cikinsa tsatsa ta riga ta ciji bakinta ko da ido bai gani ba, kuma ƙarfen wasa ba ya cire wannan. Zaro ta saura kwana uku, a bi ta da dutse, sannan ka gwada. Riƙe takardar jarida a iska ka ja wuƙar a hankali tun daga gindi har tsini. Inda ta sarƙe ko ta yage takardar, nan aiki ya rage, kuma sau da yawa a gantsarwar ne. Ko ka fita rana ka fuskanto bakin wajen idonka: wuri mai kaifi ba ya ƙyalli, dakusasshe ne ke walƙiya. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, malamai kuma sun hana a wasa ta a gaban dabbar. Da safen Sallah ja uku-uku a bayan ɗaki ya wadatar. In an gama, a wanke, a shanya, a shafa mata man gyaɗa, a naɗe ta a takarda, kube ya zauna gefe.

TAMBAYA: Baba, manomin shinkafa ne ni a Argungu. Laujena in na ɗora shi a dutse, gindi da tsini kawai ke wasuwa, cikin lanƙwasar dutse ba ya kaiwa. Sandar wasa za ta yi?

AMSA: Malam, ai nan ne gidanta. Lanƙwasar lauje ta ciki ce. Dutse mai faɗi gada yake yi a kanta, gefunansa biyu ne ke taɓawa tsakiya yana rataye. Abu mulmulalle ne kaɗai ke shiga ya zauna.

A nan lauje ne zai tsaya, sanda ta yi tafiya. Danne shi a kan kututture ko a gwiwa, baki yana kallon waje, ba jikinka ba. Hannunka ya kasance ta bayan laujen, ka tura sandar daga baya zuwa baki ta zarce waje, yadda ko ta zame, bayan ƙarfe yatsunka za su tarar. Na ga abin da lauje ya yi wa wani ɗalibina da ya juya wannan, ɗinki ya sha a yatsu biyu. Kana turawa kana matsawa gaba kaɗan-kaɗan, kuma ƙa'idar ɗan Gusau tana nan: sanda ta gicci bakin sosai a duk inda take. Tun daga gindi har tsini hannunka zagaye zai yi, kamar yatsun keke da duk suke nufar tsakiyar ƙafa.

Kafin ka fara, duba wane gefe maƙeri ya fitar wa shati. In gefe ɗaya ne, shi kaɗai za ka wasa, ɗayan ka kwantar da sandar a kansa ka share leɓe da ja ɗaya ko biyu. In mai haƙora ne kada ka bi kan haƙoran da sanda, za ka shafe su, gefen da ba a tsaga ba ake bi. Kuma ba sai ka sayi ta kanti ba. Zagayayyen magagari ya isa fitar da baki, sannan ka naɗa samfefa mai lamba 400 a jikin guntun fayif ko sandar da ba ta kai ƙotar laujen kauri ba, ka goge zanen magagarin. Sa guntun a aljihu ka tafi fadama da shi, don karan shinkafa yana da yashi-yashi a jikinsa, yana dakusar da baki da wuri.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Abuja. Na yi odar na'urar Lansky ta intanet, mai matse wuƙa, dutsen yana jikin siririn ƙarfe da ake zurawa a rami. Na zaɓi ramin 20 ban canza ba, amma shatin ya fi faɗi sosai wajen tsini. Jabu aka aiko mini?

AMSA: Ba lallai ba ne, ɗana, ta gaske ma haka take yi. Lambobin nan na 17, 20, 25 da 30 da ke jikin ramukan kintace ne, ainihin karkatar tana canzawa gwargwadon yadda baki ya leƙo daga mamatsin, kuma a lanƙwasa bakin yana juya wa ramin kafaɗa. Ƙari a kan haka, wuƙa da yawa ta fi kauri a bayan baki wajen tsini, shati kuwa kauri yake bi. Kada ka matse ta a kusa da ƙota. Matso da mamatsin wajen lanƙwasa, ka ɗan karkata wuƙar yadda nisan rami zuwa gindi da nisansa zuwa tsini za su zo kusan ɗaya, ka auna da zare in ka ga dama. Shafa maka, ja sau biyu, duba, gyara zama, har tawada ta goge daidai. In ka samu wurin, manna ɗan salatif a jikin wuƙar ka ɗauki hoto da waya, don in ka matse a wani wuri dabam wata rana sabon shati za ka fara haƙawa. Doguwar wuƙa kuwa zama biyu ake yi mata, rabin gindi dabam, rabin tsini dabam. Ba ka faɗa mini nawa ka saya ba, ni ma ba zan tambaya ba.